Verbesina: Ciyawar da ta addabi tsuntsayen tsibirin Midway

Verbesina encelioides wata ciyawa ce mai furanni ruwan ɗorawa da ganye mai launin toka-toka, wadda asalinta daga kudu maso yammacin Amurka ne da kuma arewacin Meziko.

Masana tsirrai na sanya ta cikin dangi ɗaya da shuwaka da latas. Shekara guda take yi ta zubar da iri ta bushe, kuma ta fi son ƙasa mai rairayi.

A ƙasarta ta asali ba a ɗauke ta a bakin komai ba, ciyawar gefen hanya ce kawai. A wasu ƙasashen da ta shiga, irin su Ostireliya da Ajantina, makiyaya sun san ta da gubar da ke kashe tumaki. Amma ɓarnarta mafi muni a tsakiyar tekun Pasifik ta bayyana.

Yadda ta isa Midway

Midway wasu ƙananan tsibirai ne uku, wato Sand da Eastern da Spit, masu nisan kimanin kilomita 2,000 arewa maso yamma da birnin Honolulu na jihar Hawai. An fi sanin wurin da gumurzun da sojojin ruwan Amurka da na Japan suka yi a watan Yunin 1942.

Tun daga shekarar 1903, lokacin da ma'aikatan shimfiɗa wayar tangaraho ta ƙarƙashin teku suka zauna a can, aka riƙa kawo ƙasar noma a jiragen ruwa domin yin lambuna. Daga baya sojoji suka shigo da nasu kayan. Ana kyautata zaton cewa ta ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi ne irin ciyawar ya shigo, kuma a shekarun 1950 masana suka tabbatar da samuwarta a wurin.

Da yake babu dabbar da ke cin ta a tsibiran, sai ta yi ta yaɗuwa har ta mamaye kimanin rabin tsibirin Eastern.

Illarta ga tsuntsaye

Kusan kashi 70 cikin 100 na tsuntsayen teku da ake kira albatiros na Laysan a Midway suke hayayyafa. Tsuntsu ne babba, wanda faɗin fikafikansa ya kai mita 2. A kan teku yake mafi yawan rayuwarsa, sai a watan Nuwamba ya dawo tudu, macen ta saka ƙwai ɗaya tak a ƙasa.

Wannan tsuntsu ba ya iya tashi sai ya yi ɗan gudu a fili, kamar dai jirgin sama. Ciyawar kuwa takan yi duhu, ta girma har ta kai ƙirjin mutum, kuma girman nata na zuwa ne daidai lokacin da ake renon 'ya'ya.

Sheƙar da aka yi a sarari takan koma tsakiyar surƙuƙi cikin 'yan makonni. Iyayen da suka dawo daga teku da abinci sukan sha wahalar isa ga ɗansu. Ciyawar na kuma tare iska, zafi ya yi yawa, 'yan tsakin su galabaita. Waɗanda suka rayu, idan lokacin tashi ya yi, wasunsu kan maƙale a cikin busassun karare su mutu tun ba su ga teku ba.

Ga tsuntsun da ƙwai ɗaya yake sakawa a shekara, wannan asara ba ƙarama ba ce.

Yaƙi da ita

A shekarar 1996 tsibiran suka koma hannun hukumar kula da kifaye da namun daji ta Amurka. An shafe shekaru ana tuge ciyawar da hannu ana kuma sare ta, amma da an yi ruwan sama sai ta dawo, domin irinta na iya kwanciya a cikin ƙasa shekara da shekaru bai mutu ba.

A 2011 ne aka fara wani gagarumin shiri na feshin magani, inda ma'aikata da 'yan sa-kai ke bin ƙasar taki-taki, suna komawa kowane wuri kafin sabon tsiro ya kai ga yin fure. Cikin 'yan shekaru yankin da ta rufe ya ragu zuwa ƙasa da kashi 1 cikin 100. A guraben da ta bari aka dasa ciyayin da tsibiran suka gada, domin su riƙe rairayi kada iska ta kwashe shi. An gudanar da irin wannan aiki a tsibirin Kure da ke maƙwabtaka.

Sai dai ba ita kaɗai ce baƙuwar da ke damun tsuntsayen ba. A ƙarshen 2015 aka gano cewa ƙananan ɓeraye na cizon iyayen da ke kwanci a kan ƙwai a tsibirin Sand, kuma yunƙurin da aka yi na kawar da su da guba a 2023 bai yi nasara ba.