Baƙin Mai da Zafin Khartum: Waiwaye Kan Lagireton Babur

Duk wanda ya taɓa wuni a Khartum cikin watan Mayu ya san ranar garin ba ta wasa. Zafi kan haura digiri 40, ga guguwar ƙura da mutanen Sudan ke kira habub. A irin wannan yanayi injin da iska ke sanyayawa yana shan wuya, domin iskar ma da ɗuminta take zuwa. Wani kaso na aikin sanyayawar sai ya koma kan baƙin mai.

A farkon ƙarni na 20, direban babur da hannunsa yake buga ɗan famfo ya tura wa inji mai, man ya ƙone ko ya ɗige a hanya. Zuwa shekarun 1930 aka saba da famfon da inji ke juyawa da kansa, mai ya zaga ya dawo. Daga nan aka fara maganar matsi, wato ƙarfin da mai ke kutsawa da shi ta ƙananan hanyoyi har ya kai kan inji.

A Sudan, sauyin ya zo da raksha, wadda Kanawa ke kira A Daidaita Sahu. Kekunan Bajaj na Indiya sun bazu a unguwannin Omdurman da Khartum Bahri tun shekarun 1990. Na farkon masu injin tu-sitirok ne: a gauraya mai da fetur, su ƙone tare, hayaki ya turnuƙe. Babu man da ke zagayawa, balle a sanyaya shi. A 1999 Sudan ta fara fitar da ɗanyen mai, a shekarar 2000 matatar Al-Jaili ta soma aiki a arewacin Khartum, tituna suka cika da ababen hawa. Sannu a hankali injin fo-sitirok ya maye gurbin tsohon, ya kawo sabon nauyi ga mai abin hawa: duba mai da yin juye a kan kari.

Da yawa daga cikin baburan Sin da kekunan dakon kaya da suka riƙa zirga-zirga a kasuwar Suk Libiya ta Omdurman jikokin Honda CG125 ne, wanda ya fito a 1975, aka ƙera shi don ƙasashen da ba a cika kula da juye ba. Man da ke cikinsa bai fi lita ɗaya ba. A ɗora wa irin wannan inji buhunan albasa, a tsayar da shi cikin cunkoso da tsakar rana, sai man ya tsinke kamar ruwa. Dabarar da ta biyo baya ita ce ɗan lagireton baƙin mai. Ba sabon abu ba ne a duniya: Suzuki ta gina GSX-R750 a 1985 bisa sanyaya inji da mai, BMW ma ta bi wannan hanya a 1993. Abin da ya sauya shi ne saukowarsa daga baburan tsere zuwa na neman abinci.

A nan gizo ke saƙa. Lagireto ba ya ƙara wa mai ƙarfi. Hanya ce aka tsawaita masa. Famfon ƙaramin inji ba shi da ƙarfi sosai, saboda ƙaranshaf ɗinsa kan boris yake juyawa, wanda ba ya buƙatar matsi mai yawa. Idan tiyo ya yi siriri, ko ya lanƙwashe, ko dauɗa ta taru a ciki, man da zai isa kan inji sai ya ragu. Da sanyin asuba mai na da kauri, matsi ya hau, tiyon da ya tsufa ya fashe. Da rana mai ya tsinke, matsi ya faɗi. Idan kuma habub ta toshe haƙoran lagireton da ƙura, ya zama ado kawai. Direba na jin daɗin cewa ya sanyaya injinsa, alhali kan injin na fama da ƙishirwa, har ranar da zai buga. Shi ya sa gogaggen bakanike, kafin ya sallami babur, yake sassauta ƙusar da ke kan inji ya ga mai na tsartuwa tukuna.

Bayan ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011, wadda ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man ƙasar, darajar fam ɗin Sudan ta karye, baƙin mai mai kyau ya yi tsada, direbobi suka riƙa jinkirta juye. A 2022 wata masana'anta a Khartum Bahri ta yi suna da haɗa raksha mai lantarki, wadda ba ta san baƙin mai ba. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya durƙusar da masana'antun birnin.

Direban Kano ko Maraɗi bai yi nisa da wannan labari ba: injinsa ɗaya da na Omdurman, watan Afrilunsa ma ba sauƙi. Kafin ya kashe kuɗi a kan lagireto, ya fara wanke rariyar mai, ya tabbatar man na kaiwa sama.