Fushi da Hanta: Tarihin Tausar Yatsa a Likitancin Ƙasar Sin

Gabatarwa

Bahaushe ya ɗora alhakin fushi a kan zuciya, shi ya sa yakan ce wane yana da zafin zuciya, ko kuwa zuciya ta ɗebe shi. To amma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Su Sinawa a hanta suka ajiye fushi, kuma sun daɗe suna neman maganinsa ta hanyar danna wasu gurabe na jiki da yatsa, ko kuma tsira musu allura. Wannan maƙala za ta bi diddigin wannan al'ada, domin a ga mafarinta da irin gwagwarmayar da ta sha.

Mafari

A shekarar 1973 masu binciken kayan tarihi suka tono wani kabari a Mawangdui, kusa da birnin Changsha, wanda aka rufe tun shekara ta 168 kafin Miladiyya. A cikinsa aka sami rubuce-rubuce a kan ƙyallen siliki masu bayanin magudanai 11 da aka ce sun ratsa jikin ɗan Adam. Babu zancen allura a cikinsu, sai dai ƙona wani ganye a bisa fata. Littafin Huangdi Neijing, wanda aka harhaɗa a zamanin daular Han, shi ya tsara magudanai 12, ya kuma bai wa kowane hali mazauninsa: fushi a hanta, murna a zuciya, tunani a saifa, baƙin ciki a huhu, tsoro kuwa a ƙoda.

A fahimtarsu, akwai wani ƙarfi da suke kira "chi" wanda ke gudana cikin magudanan nan tamkar ruwa a kwari. Likitocin da suka biyo baya suka ce in ya toshe a hanta, sai mutum ya riƙa yawan tsaki da ajiyar zuciya da saurin hasala. Don warware wannan toshewa ake danna gurbin Taichong, a bayan ƙafa tsakanin babban yatsa da mai bi masa, a haɗa da gurbin Hegu, tsakanin babban yatsan hannu da manuniya.

Ɗaukaka da Faɗuwa

A zamanin daular Tang (618-907) tausa tana da sashenta na musamman a makarantar likitanci ta fada. A shekarar 1027 kuma wani likitan fada mai suna Wang Weiyi ya sa aka ƙera mutum-mutumi biyu na tagulla masu ɗauke da guraben. An ruwaito cewa akan shafe su da kakin zuma, a cika su da ruwa, ɗalibin da ya soka allura daidai sai ruwa ya fito, ya ci jarrabawa ke nan.

Sai dai duniya rawar 'yan mata ce. A shekarar 1822 Sarki Daoguang ya haramta aikin allura a makarantar fada. A 1929 hukumar lafiya ta ƙasa ta zartar da ƙudurin soke likitancin gargajiya baki ɗaya, sai da masu sana'ar suka taru a Shanghai ranar 17 ga Maris suka yi bore kafin a jingine shi. Gwamnatin Mao Zedong, wadda ta iske ƙarancin likitoci, ita ta farfaɗo da shi, ta buɗe kwalejoji huɗu a 1956. A nan ne aka tace tsofaffin littattafai masu saɓa wa juna aka fitar da manhaja guda. Ashe ke nan abin da ake kira daɗaɗɗen ilimi, tsarinsa na yanzu ɗan ƙarni na 20 ne. A 1971 wani ɗan jaridar Amurka, James Reston, ya ba da labarin yadda aka rage masa zogi da allura bayan tiyata a Beijin, daga nan abin ya bazu a ƙasashen Turawa.

Ma'aunin Kimiyya

Masana ƙirar jiki ba su ga magudanan nan ba a jikin ɗan Adam. Wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 2007, a kan masu ciwon baya 1,162 a Jamus, ya nuna kimanin kashi 48 cikin ɗari na waɗanda aka soka a guraben gaskiya sun sami sauƙi, waɗanda aka soka a guraben bogi kuwa kashi 44. Wato kulawa da kyautata zato suna da babban rabo a cikin warakar. Haka kuma a 1980 Arthur Kleinman ya duba majinyata 100 a lardin Hunan da aka ce suna fama da raunin jijiya, ya tarar 87 daga cikinsu ciwon damuwa ne ke cinsu.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa hikimar Sinawa ita ce ɗaukar fushi a matsayin larurar da ake jinya ba tare da jin kunya ba. Wanda ya zauna ya tausa hannunsa, ya sassauta numfashi har ya huce, bai yi asara ba. Amma damuwar da ta hana barci da cin abinci ta wuce aikin yatsa, sai an dangana da likita.