Birkin bayan Fijo 504: me ya sa akori-kura ta zo da diram?

Shirin yau ƙanena ne ya jawo shi. Akwai Fijo 504 akori-kura da Baba ya bari, wadda ta yi shekaru tana kai taki gonakinmu a wajen Dambatta, da kaka kuma ta kwaso gero da gyaɗa. To ita yake so a cire wa birkin baya na diram a sa mata na faifai, wato dis. Wai a YouTube ya ga Turawa na yi wa tsofaffin motocinsu haka. Na ce tsaya tukuna, mu bi asalin abin.

Birkin nan biyu sa'annin juna ne. A 1902 Louis Renault ya fito da na diram a Faransa, a shekarar kuma Frederick Lanchester ya yi rajistar na faifai a Ingila. Diram ne ya ci kasuwa kusan shekara hamsin, sai a 1953 Jaguar ta lashe tseren Le Mans da birkin faifai na Dunlop. A 1955 Citroën DS ta fito da shi a ƙafafun gaba. Matsalar diram zafi ce. Rufaffen kwano ne, in aka yi ta taka birki sai ya ɗau zafi ya rage kamu. Faifai kuwa a fili yake, yana shan iska.

Ga abin da ƙanena bai sani ba. Lokacin da 504 ta fito a 1968, salun ɗinta faifai ne a ƙafa huɗu. Ke nan Fijo sun iya, amma da suka zo yin wagon da akori-kura sai suka sa diram a baya. A haka muka san su a nan, bayan kamfanin PAN na Kaduna ya fara harhaɗa Fijo a 1975.

Ni dai a ganina sun yi daidai. In ka taka birki nauyin mota gaba yake komawa, ƙafafun gaba ke yin mafi yawan aikin. Akori-kura in ta sauke kaya bayanta ba nauyi. Ka ƙara wa birkin bayan ƙarfi ba tare da an daidaita shi da na gaba ba, tayun baya su riga kullewa, a kan yashin burji motar ta juya da kai. Mu kuwa hanyoyinmu tsakanin gonaki suke, ga jakuna, ga amalanke, ga yara 'yan makaranta. Sannan hambirki ya fi riƙewa a diram, kuma rufin nan da ake zargi shi ke tare yashi da taɓon damina. Sai kuma lissafin man birki, don kalifa ta fi shan mai, wataƙila sai an canza masta.

Mun kai ta wajen bakanike, ya kwance diram ɗin. Ashe shu ɗin ya cinye, silinda ɗaya tana yoyo, mai ya jiƙe komai. Muka sayo sababbi a Ƙofar Ruwa, aka canza man, aka fitar da iska. Yanzu tana tsayawa cak da buhu goma a baya. Ƙanena dai har yanzu yana turo min bidiyo.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.