Ciwon Damuwa a Umdurman: Daga Rumfar Turare zuwa Asibiti

Tun da Halifa Abdullahi ya zaunar da fadar Mahadiyya a Umdurman bayan rasuwar Mahadi a 1885, kasuwar garin ta zama matattarar fataken Kurdufan da Darfur, da alhazan ƙasar Hausa waɗanda tafiyar ƙasa ta ajiye su a bakin Nilu. Kuma a rumfunan masu turare da saiwoyi, inda ake auna lubban da hulba, a nan ne dangin wanda baƙin ciki ya raba shi da barci da abinci suke fara neman magani. In abin ya faskara, sai a nufi wurin malami a sha rubutu, ko kuwa a kaɗa gangar zar, 'yar uwar bori.

Hakiman Musulunci na da, irin su Ishaƙ ɗan Imrana na Ƙairawan da Ibn Sina, sun jingina ciwon damuwa ga rinjayen sauda'u, ɗaya daga cikin ruwaye huɗu da suka ce mizanin jiki yana kansu; ma'ana, tun a zamaninsu an nemi illar a cikin jiki. Da likitoci suka lura a 1952 cewa wani maganin tarin fuka yana faranta ran majinyata, sannan Roland Kuhn ya bayyana fa'idar imipramine a 1957, sai hankali ya koma kan sinadarai irin su serotonin da noradrenalin, masu isar da saƙo tsakanin jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Sai dai wani babban nazari na 2022 bai sami hujja ƙwaƙƙwara ba cewa ƙarancin serotonin shi ne sababin, ko da yake magungunan suna amfanar jama'a da yawa.

Dokta Tijani al-Mahi, wanda ya buɗe asibitin cututtukan ƙwaƙwalwa a Khartum Bahri, bai raina tafarkin gargajiya ba, domin ya nazarci zar, ya kuma yi aiki tare da shehunnai, alhali yana ba da maganin zamani. Ya rasu a 1970, aka sa wa asibitin ƙwaƙwalwa na Umdurman sunansa. Haƙiƙa ra'ayinsa ne ya fi kusa da daidai: mai damuwa yana bukatar likita, kuma yana bukatar danginsa da imaninsa.