Daga Maɗaci Zuwa Dunƙule Hannu: Tarihin Yadda Aka Fahimci Cizon Farce a Yara

Cizon farce yana cikin ɗabi'un da kusan kowane gida ya sani, kuma kowane gida da irin maganinsa. A Tudun Wada ko Kawo ko Unguwar Rimi, wata uwar tsawa take dakawa, wata ta make hannun, wata ta jiƙa ɓawon maɗaci ko ta murje ganyen shuwaka ta shafa wa yatsun kamar yadda ake yi wa nono lokacin yaye. Wata kuwa barkono take gogawa. Ƙiyasin da likitoci suka fi kawowa shi ne mutum 20 zuwa 30 cikin 100 suna cizon farce, a tsakanin yara masu tasowa kuma adadin yakan kai 45 cikin 100. Ka ga kenan ba ɗanka kaɗai ba ne.

Likitoci sun shafe sama da shekara 130 suna ja-in-ja a kan dalilin wannan ɗabi'a da yadda za a raba yaro da ita. In ka bi tarihin, za ka tarar cewa dabarun da muka fi amfani da su a gida yau su ne na farko-farko, waɗanda masana suka gwada suka ga iyakarsu.

Lokacin da aka ɗora laifin a kan jini

Sunan da likitoci ke kiran cizon farce shi ne onikofajiya, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar farce da ci. Wanda ya yayata sunan shi ne wani likitan birnin Faris mai suna Edgar Bérillon, da ya wallafa bincike a kai a 1893 bayan ya duba hannayen 'yan makaranta. A zamanin, likitocin Faransa sun rungumi wani ra'ayi da Bénédict Morel ya shimfiɗa a 1857, cewa wasu zuri'o'i lalacewa suke yi sannu a hankali, ɗa ya fi ubansa taɓarɓarewa, jika ya fi ɗa. Da wannan idon Bérillon ya kalli yaran. A wurinsa, guntun farce shaida ce ta gurɓataccen jini da raunin hali. Maganin da ya bayar shi ne hifnosis, wato a jefa yaro cikin wani yanayi mai kama da gyangyaɗi, sannan a riƙa cusa masa umarnin ya daina.

Don ka san irin ma'aunin mutumin, shi ne dai a 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya rubuta wai Jamusawa suna da wani wari na musamman a jikinsu wanda ya bambanta su da sauran mutane. Ra'ayin lalacewar zuri'a ya daɗe da mutuwa a kimiyya. Sai dai ƙanwarsa tana nan a bakinmu, duk lokacin da aka kalli yaro mai cin farce aka ce ai hali zanen dutse ne, haka dangin ubansa suke.

A Amurka kuma, likitan yara Luther Emmett Holt, a littafinsa na renon yara da ya fara fitowa a 1894, ya jera cizon farce cikin miyagun ɗabi'u tare da tsotson yatsa, cin ƙasa da fitsarin kwance. Iyayen Turai da Amurka na lokacin sukan sa wa yara safar hannu, ko su shafa musu ruwan alo mai ɗaci a farata. Wato maɗacinmu da nasu duk tafiyar ɗaya ce. Dabarar ta samu sabuwar riga a 1958, lokacin da masu bincike a wani kamfani da ke Edinburgh a Birtaniya, suna neman inganta allurar kashe zafi, suka ci karo da wani sinadari mai suna dinatoniyam. Ana lissafa shi a matsayin abu mafi ɗaci da aka sani, kuma shi ne a cikin yawancin man shafa wa farce mai ɗaci da ake sayarwa a kemis har yau.

Daga zargi zuwa ƙidaya

Bayan masu zargin jini sai ga masu tonon zuciya. Sigmund Freud na birnin Biyana ya yi rubutu a kan tsotson yatsa tun 1905, almajiransa kuma suka faɗaɗa bayanin ya haɗa da cizon farce. Suka ce alama ce ta wata buƙata ta baki da ba ta biya ba tun yaro yana shan nono, ko kuma fushi ne da ya kasa hucewa a kan iyaye sai ya juya shi kan yatsunsa. Bayanin yana da daɗin ji, amma babu hanyar gwada shi a ga gaskiya ne ko a'a, kuma ya ƙara wa iyaye mata nauyin laifin da ba a tabbatar nasu ba ne.

Wanda ya kawo sauyi shi ne David Wechsler, mutumin da daga baya ya yi suna da gwajin auna basira. A 1931 ya wallafa sakamakon duba yara kusan 3,000 a New York. Ya gano cewa da wuya a ga ɗabi'ar kafin shekara uku, tana ƙaruwa daidai lokacin shiga makaranta, ta kai ƙololuwa a shekarun balaga, daga nan ta fara sauka. To, tambaya ta taso: in har kusan rabin yara masu shekarun balaga suna yin abu, ta yaya za a ce alamar lalacewa ce ko taɓin hankali? Ƙidaya ta nuna abu biyu da har yau suke tsaye. Ɗabi'ar gama-gari ce, kuma yawancin masu ita suna barinta da kansu in sun girma.

Mutumin da ya kalli hannun

Babban juyin ya zo ne daga wani asibitin ƙwaƙwalwa a garin Anna na jihar Ilinoi a Amurka. A 1973, Nathan Azrin da abokin aikinsa Gregory Nunn suka bar tambayar me ke ɓoye a zuciyar mai cizon farce, suka koma kan abin da ido ke gani: yaushe hannun yake tashi, ta ina yake bi, me ke faruwa kafin ya isa baki. Suka lura cewa yawanci mai yin bai ma san yana yi ba. Hannu ya saba da hanyarsa har ya daina neman izini.

Dabarar da suka tsara ana iya kiranta juya akalar ɗabi'a, kuma ƙafafunta uku ne. Na farko, farkar da mutum: ya koyi gane somin-taɓin abin, kamar shafa gefen farce da babban yatsa ko ɗaga hannu zuwa haɓa, ya kuma san wurare da lokutan da ya fi yi. Na biyu, ba hannun wani aikin da ba zai yiwu a haɗa shi da cizo ba: da ya ji alamar, sai ya dunƙule hannu ko ya damƙe wani abu na minti ɗaya zuwa uku, har sha'awar ta wuce. Na uku, mataimaki a gida wanda zai tunatar da shi cikin taushi, ya kuma yaba masa in ya yi daidai.

Sun fara gwadawa a kan mutum 12 masu ɗabi'u daban-daban, suka ga raguwa mai yawa cikin 'yan kwanaki. A 1980 suka kwatanta ta da wata tsohuwar dabara ta Knight Dunlap, wadda ake sa mutum ya riƙa kwaikwayon cizon da gangan har ya gundure shi. Tsohuwar ta rage cizon da kusan kashi 60 cikin 100, sabuwar kuwa da kusan kashi 99, aka kuma bi mutanen wata biyar. Binciken da ya biyo baya bai kai wannan adadi a kullum ba, amma har yau juya akalar ɗabi'a ce dabarar da ta fi kowace hujja.

Abin da aka sani yanzu

An daɗe ana cewa cizon farce alamar fargaba ce. A 2007, Tim Williams da abokan aikinsa a Ingila suka sa ɗaliban jami'a 40 masu ɗabi'ar cikin yanayi huɗu suna ƙirga cizonsu. Sun fi yi in an bar su su kaɗai ba abin yi, da kuma in an ba su lissafi mai wuya. Sun fi ragewa in ana hira da su ko in an yi musu faɗa. Wato zaman kashe wando da takaici su ne manyan masu tayar da abin. Ka lura da batun faɗan nan: tsawa tana tsayar da hannu a wannan lokacin domin ta dawo da hankalin yaro kansa. Amma uwa ba ta bin ɗanta aji, tsawar kuma ba ta koya wa hannun komai ba. In ta yi yawa ma, takaicin da ke kawo cizon take ƙarawa, yaron ya koma yi a ɓoye.

Gado ma yana da hannu. Binciken tagwaye da Syuichi Ooki ya wallafa a Japan a 2005 ya nuna cewa kusan rabin bambancin da ke tsakanin yara a wannan ɗabi'a daga ƙwayoyin halitta ne. Abin da ake gada sauƙin kamuwa da ɗabi'ar ne kawai, kuma ana iya sauya ta. A 2013, kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka ya ambaci cizon farce cikin ɗabi'un da ake maimaitawa a jiki, dangin tsigar gashi da ɓantarar fata, amma sai in ya kai ga rauni ko ƙunci, mutum ya yi ta ƙoƙarin bari ya kasa, sannan ake ɗaukarsa larura.

Illar da ta fi kusa da mu

Kada jin cewa abin gama-gari ne ya sa ka yi sake. A 2007 masu bincike a Turkiyya sun samu ƙwayoyin cuta irin na hanji a bakin kashi 76 cikin 100 na yara masu cizon farce, alhali a sauran yaran kashi 26.5 ne. Ƙarƙashin farce kuma maɓoya ce ta ƙwan tsutsar ciki. A unguwar da ruwan famfo ke wuya, yara ke wasa kusa da kwata, amai da gudawa ke leƙowa da damina, wannan hanya daga ƙasa zuwa baki abar tsoro ce. Ga kumburin gefen farce mai tara mugunya, ga zaizayewar haƙoran gaba da ciwon dasashi.

Wataƙila ka taɓa cin karo da labarin cewa cizon farce yana ƙara lafiya. Asalinsa binciken garin Dunedin ne a New Zealand, inda aka bi yara 1,037 da aka haifa a 1972 da 1973. Rahoton 2016 ya nuna cewa a shekara 13, kashi 38 cikin 100 na masu tsotson yatsa ko cizon farce ne gwajin fata ya nuna suna da alaji, wato borin da jiki ke yi wa abubuwa kamar ƙura da gashin kyanwa, a sauran kuwa kashi 49. Ba a ga bambanci a asma ba, masu binciken ma ba su ce a ƙarfafa ɗabi'ar ba. Sannan ƙasar da yaron Dunedin ke wasa a ciki daban take da ta bakin kwatar Badarawa.

Yadda za ka yi amfani da wannan a gida

Fara da kallo na mako ɗaya ba tare da magana ba. Gaban talabijin ne? Lokacin aikin gida ko hadda? Ana gab da jarrabawar WAEC ko JAMB? In yaron ya kai shekara bakwai ko takwas, zauna da shi ku yi maganar a tsanake, a inda ba kowa. Ku zaɓi abin da hannun zai riƙa yi: dunƙulewa, riƙe biro, jan carbi, ko matsa ƙaramar ƙwallo. Ku kuma yarda da wata alama ta sirri, ko gyaran murya ko taɓa kafaɗa, wadda za ta maye gurbin kiran sunansa a gaban 'yan'uwa da baƙi.

A riƙa yanke faratan gajeru, a goge kaifinsu, domin ɗan ɓantaren da ya fito shi ke jan haƙori. Da ma yanke farce yana cikin sunnonin tsafta da aka hore mu da su. A saya wa yaro abin yankansa na kansa, ya fi a miƙa hannunsa ga almakashin mai yankan farce na kan titi da ya ratsa hannaye da yawa, musamman tunda yatsun mai cizo ba sa rasa rauni. Da hunturu, fatar gefen farce takan bushe ta tsage, sai a riƙa shafa man kaɗanya ko basilin safe da dare. Ga 'yan mata, lalle yakan sa farce ya zama abin ado da ake son adanawa. Man ɗaci na kemis yana iya taimaka wa babban yaro da ya yarda da kansa a shafa masa don tuni. Barkono kuwa a bar shi a miya, don hannun da ke zuwa baki yana zuwa ido.

In yatsa ya kumbura yana zogi ko ya tara mugunya, in cizon yana fitar da jini, ko ya haɗu da tsigar gashi, rashin barci, rashin natsuwa a aji ko tsoro mai yawa, a kai yaro asibiti. Akwai Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da Asibitin Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, tsallaken kogi, ga wanda matsalarsa ta wuce farce.

Sai haƙuri. Farcen hannu yana tsiro ne da kimanin milimita 3 a wata, kuma yakan ɗauki kusan wata shida kafin ya sake fitowa gaba ɗaya. Za a yi kwanakin da yaro zai koma gidan jiya, musamman lokacin jarrabawa. Ranar da ka ga ɗan farin layi ya fito a bakin farce ɗaya tak, nuna masa shi, ka yaba masa.