Amylum: Sitacin da Bai Ga Dutsen Niƙa Ba

Romawan dā na kiran sitaci amylum, kalmar da suka aro daga Girkanci, ma'anarta "wanda ba a niƙa ba". Sunan ya adana yadda ake aikin. Wajen shekara ta 160 kafin haihuwar Annabi Isa, marubucin Roma Kato ya bayyana hanyar: a jiƙa alkama kwana 10 ana ƙara mata ruwa sau biyu kullum, a matse ta a sabon ƙyalle, a shanya farin ruwan da ya fito a rana. Pliny kuwa, wani marubucin Roma, ya ce mutanen tsibirin Kiyos ne suka fara yin sitacin. Wani zai ce yau injina na markaɗa masara don yin sitaci, sunan ya tsufa. Amma darajarsa ke nan, domin ya riƙe mana hikimar da injin ya shafe.