Fatsar kifin pike a manyan tafkunan Turai lokacin hunturu

Pike kifi ne mai farautar 'yan uwansa, dogo, mai baki kamar na agwagwa cike da haƙora masu kaifi. Yana rayuwa a ruwan daɗi na arewacin Turai da Asiya da Amurka. An taɓa kama wani a Jamus a 1986 mai nauyin kilo 25.

Wasu masu wannan fatsa ba sa sa nama ko tana a ƙugiya. Suna naɗe ta da gashin tsuntsu da na dabba da zare mai ƙyalli har ta yi kama da ƙaramin kifi. Da yake ba ta da nauyi, igiyar ce ake yi wa nauyi domin ta kai ta nesa, sannan a ɗaura siririyar waya a kusa da ƙugiyar, in ba haka ba haƙoran pike su datse igiyar.

An fi fita da hunturu a tafkuna irin su Derg na Ailan da Lomond na Sikotland, saboda matan kifin, waɗanda su ne manya, suna ɗauke da ƙwai a lokacin. Amma sanyi yana sa pike kasala, ya kwanta a zurfi, don haka sai a yi amfani da igiya mai nitsewa, a riƙa ja a hankali ana dakatawa.

Akwai wani dalilin kuma. Yawanci ana mayar da kifin ruwa bayan an kama shi, kuma ruwa mai ɗumi ba shi da isasshiyar iskar shaƙa, sai ya galabaita ya mutu. A Ailan ma dokar 2006 ta hana kashe pike da tsawonsa ya wuce santimita 50.